Kutse a Shafin Intanet: Lacca ga Mutanen Damargu

 

Ranar 28 ga Maris 2015, ana tsakiyar zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya, duk wanda ya buɗe shafin hukumar zaɓe INEC sai ya tarar da saƙon wasu masu kiran kansu Nigerian Cyber Army. Cikin ƴan sa'o'i aka maido da shafin. Amma INEC hukuma ce mai kuɗi da ma'aikata. Idan shafin ma'aikatar magajin gari ne, ko na rediyon karkara, ko na ƙungiyar makiyaya, wa zai maido da shi?

Abin da ya fi damuna a nan Damargu shi ne wanda ke riƙe da kalmar sirri. Sau da yawa wani matashi ne ya gina shafin a Zinder ko Yamai, da imel ɗinsa da lambar wayarsa. In ya kama hanyar Agadez neman na kansa, shi ke nan babu mai iya shiga. Ranar da aka yi kutse, sai a rasa ko wanda za a kira. Shafin hukuma, a yi masa rajista da sunan hukuma, amintattu biyu su san sirrinsa.

Kada kuma mu ce mu ƙanana ne, wa ya san da mu. Sau da yawa kutse wata manhaja ce ke zagaye duniya dare da rana tana gwada kalmomi irin 123456. Sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya da manhajar WordPress aka gina su, kuma ta tsofaffin ƙananan manhajojin da aka liƙa masa ba a sabunta ba aka fi shigowa.

To, idan abin ya faru, a fara rufe shafin. Kada a yi gaggawar gogewa. A ɗauki hoto, a ajiye kwafin ɓarnar don shaida. A sami wata waya ko kwamfuta mai lafiya, a canza kalmomin sirri duka, a soma da na imel, tun da ta nan ake sake saita sauran. A duba jerin masu ikon shiga, a fitar da duk sunan da ba a sani ba. Daga nan a ɗora tsohon kwafin shafin da aka ajiye, a sabunta komai kafin a buɗe, in ba haka ba gobe masu kutsen su dawo. Manomin Damargu ba ya cinye irin geronsa, daban yake ajiye shi. Haka kwafin shafi: a ajiye shi nesa da shafin, a riƙa gwada shi.

Sannan a faɗa wa jama'a. Na san akwai kunya, amma wanda aka kwashe sunansa da lambarsa yana da haƙƙin ya sani kafin a damfari danginsa da sunansa. Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet, ga kuma hukumar HAPDP mai kare bayanan mutane. A kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi.

Don rigakafi kuwa, kalmar sirri ta zama doguwa, kalmomi huɗu marasa dangantaka, ko da gaurayen Hausa da Buzanci da Fulatanci ne, kuma kowane shafi da tasa. Lambobi shida da WhatsApp ke turo maka, ko wanda ya ce shi ɗan'uwanka ne ya nema, kada ka ba shi. Kafin mu tashi, ku fito da wayoyinku mu kunna matakin tabbatarwa na biyu tare.