Sankarar Furostat: Tiyata ko Gashi?

Yau maganarmu da iyayenmu maza ce, musamman waɗanda suka haura shekara 50.

Furostat wata 'yar ƙwaya ce a ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda hanyar fitsari ke ratsawa. Idan gwajin jini na PSA da gwajin tsoka suka tabbatar da sankara a cikinta, kuma ba ta yaɗu ba, likita yakan gabatar da hanyoyin magani biyu: a cire ƙwayar ta tiyata, ko a gasa sankarar da na'ura.

Wanne ya fi? A Birtaniya an bi diddigin maza 1,643 masu wannan cuta. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna cewa bayan shekara 15, kusan kashi 97 cikin ɗari ba su mutu da ita ba, ko an yi musu tiyata, ko gashi, ko kuwa sa ido kawai aka yi. Ke nan wajen tsawon rai, da ikon Allah, kusan duk ɗaya ne. Bambancin yana cikin abin da kowanne ke barin mutum da shi.

Tiyata sau ɗaya ake yi, amma ta fi kawo yoyon fitsari da raunin mazakuta. Ga mai kula da alwala da haƙƙin iyali, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gashi kuwa babu yanka, sai dai ana zuwa kwana biyar a mako, na tsawon makonni. Yana iya taɓa hanji, ya kawo gudawa ko jini a bayan gida. Sau da yawa ana haɗa shi da allurar rage sinadarin namiji, mai rage sha'awa.

Baba, ka duba halinka. In kana da ciwon zuciya ko shekaru sun ja, gashi na iya fi maka sauƙi. Amma ka lissafa zirga-zirga: cibiyar gashi mafi kusa da Kaduna da aka sani ita ce ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya, sai ta Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Gashin da aka yanke a tsakiya ba ya cika aikinsa.

Ka fara daga asibiti kamar Barau Dikko a Kaduna, ka nemi ganin likitan mafitsara, sannan ka ji ta bakin likitan gashi kafin ka yanke shawara. Ka tafi da uwargida ko babban ɗanka, ka yi tambaya ba kunya. Idan sankara ta kai ƙashi, wannan zaɓin ya wuce, don haka kada ka ɓata watanni kana jiƙe-jiƙe.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya.