Ba kowane kumburi ne gwaiwa ba

Jama'ar Kuchigoro, musamman matasa, sankarar maraina ta fi kama 'yan shekara 15 zuwa 35. Akwai wani mugun nau'inta da ba kasafai ake gani ba, wanda ke bin jini ya tafi huhu, hanta, har ƙwaƙwalwa, tun ƙullutun bai kai ƙwayar wake ba. Wani sai ya fara tarin jini ake ganowa.

Ana warkewa fa. A 1996 sankarar maraina ta kai wa ɗan tseren keken Amurka Lance Armstrong huhu da ƙwaƙwalwa, ya kuma tashi.

Kunya ce ke cin mu. Ɗan'uwa, in ka ji tauri ko kumburi, ko da babu zafi, kada ka ce gwaiwa ce. Babban Asibitin Ƙasa na nan Abuja, ka je likita ya duba ka.