Yadda Muka Haɗa Sandar Wasa Da Hannunmu



Akwatin da kuke gani a kan teburin nan aikin hannunmu ne. Mun san wasu za su ce me ya haɗa ɗalibin jami'a da wasan yara, amma a yi mana haƙuri a ji bayani tukuna.

Na'urar wasan talabijin da ke gefensa Atari ce, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 1977, daga baya aka raɗa mata suna Atari 2600 a 1982. Ta zo hannunmu da ranta, sai dai sandar da ake sarrafa ta da ita ta mutu, domin zoben robar da ke cikinta ya karye. Maimakon mu jefar da na'ura mai lafiya saboda ɗan zobe, sai muka ɗaura niyyar ƙera mata sanda irin ta manyan akwatunan gidajen wasa, masu jure dukan hannu.

Da muka buɗe tsohuwar sandar, abin ya ba mu mamaki. Ashe babu wata ƙwaƙwalwa a ciki. Makunni biyar ne kawai: sama, ƙasa, hagu, dama, da na harbi. Fuloginta ƙafa tara gare shi. Ta 1 zuwa ta 4 su ne na kusurwoyin nan huɗu bi da bi, ta 6 ta harbi, ta 8 kuwa ita ce uwa, wadda kowane makunni ke komawa gare ta. Duk lokacin da aka tura sanda, waya ɗaya ce ke saduwa da uwar, shi ke nan. Wannan tsari kuwa shi ne kwamfutar Commodore 64 ta 1982 ta bi.

Sanda da maɓalli na kamfanin Sanwa ne na ƙasar Japan. Kafinta ya haɗa mana akwatin katako, ya huda ramin maɓalli mai faɗin milimita 30. Muka sa ya yi shi da nauyi da gangan, don akwati marar nauyi bin hannu yake yi in wasa ya yi zafi.

Wurin liƙi da dalma ne muka sha kunya. Mun ƙirga ƙafafun fulogin daga baya, alhali zanen da ke hannunmu daga gaba aka yi shi. Lissafi ya juye kamar fuska a madubi, uwar ta sauka a ƙafa ta 7, wadda ke ɗauke da wuta bolt 5. Muka kunna, muka tura sanda, ko gezau. Kwana biyu muna zargin na'urar, har wani daga cikinmu ya ce a yi mata jana'iza, kafin mita ta tona asirinmu. Allah Ya tsare, da ɗigon dalma ya haɗa ta 7 da ta 8, watakila da yau ba mu da abin nunawa. Mu da muka ci jarrabawar lantarki a takarda, ga shi ƙirga ɗaya zuwa tara ya kā da mu.

Yanzu dai tana aiki. Mun sa wasan Space Invaders, wanda ya zo kan Atari a 1980, kuma mai son gwadawa ya matso bayan an tashi. Roƙonmu kawai a bi layi, sanda ɗaya ce tak.