Shan Ruwa a Bakin Titin Wad Madani

Duk wanda azumi ya taɓa riska a kan hanyar Khartum zuwa Wad Madani a ƙasar Sudan ya san abin da zan faɗa. Da rana ta yi ja, sai mutanen ƙauyuka su fito bakin titi su shimfiɗa tabarmi. Wasu dattawa har tsakiyar kwalta suke tsayawa suna ɗaga rawani, sai direba ya taka birki. Ko ka ce sauri kake yi, ba mai saurarenka.

Kowane gida ya kawo tirensa: ga asida, tuwonsu na dawa, ga dabino, ga hilu-mur, wani jan abin sha na tsiron dawa da kayan ƙamshi, mai zaƙi da ɗan tsami. Ba wanda zai tambayi sunanka sai ka ƙoshi. Wallahi ban taɓa ganin karamci irin wannan ba.

Idan ka ƙara gaba kusa da Sinnar, za ka iske garin Mai Wurno, inda jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suke zaune, ana gaisawa da Hausa da Fulatanci.

Tun watan Afrilun 2023 yaƙi ya raba miliyoyin 'yan Sudan da gidajensu. Masu ciyar da baƙo yau su ne baƙi a ƙasashen wasu. Duk wanda Allah ya haɗa ku da shi, don Allah ku buɗe masa ƙofa, ku kuma sa Sudan a addu'a.