Inda Ake Ƙirga Data: Ƙa'idojin Caji da Masu Waya a Gwarzo da Kabo



Ranar 20 ga Janairu, 2025, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100, bayan sun nemi kashi 100, da hujjar cewa rabon da a taɓa farashin tun 2013. A Fabrairu MTN ta mai da tsarin 15GB na mako daga naira 2,000 zuwa 6,000, aka yi mata ca, ta ba da haƙuri. Kowa ya yi magana a kan kuɗin mudu. Har yau ba a tambayi wanda ke riƙe da mudun ba, balle inda yake tsayawa ya yi awo.

Tun 2007 ƙungiyar 3GPP, mai tsara ƙa'idojin fasahar wayar salula, ta haɗa sarrafa layi da caji a tsari ɗaya. A 4G, PCRF ce ke yanke hukunci a kan kowane layi: gudun da za a ba shi, manhajar da za a caja dabam, lokacin da za a shaƙe shi. Ƙofar PGW, wadda ke haɗa cibiyar kamfani da intanet, ita ke zartarwa tana ƙirgawa, na'urar caji ta OCS kuma na zarewa nan take. A 5G, da ta shigo Najeriya a 2022, PCRF da OCS sun koma PCF da CHF, aikin bai sauya ba.

Ƙofar nan tana can cikin cibiyar kamfani, nesa da ƙarfen sabis. Duk abin da ya ratsa ta an rubuta maka shi, ko ya iso wayarka ko ya salwanta a hanya. Idan sai an sake turo shi daga tushe, a sake ƙirgawa. A 2012 masana a Jami'ar California da ke Los Angeles sun gwada wannan a layukan 3G na Amurka, suka nuna cewa wanda sabis ya yanke masa yana tsakar kallon bidiyo ana ci gaba da cajinsa abin da bai gani ba. Ke nan gwargwadon raunin sabis, gwargwadon asara.

To wa ke da raunin sabis? Ku bar titin Kano zuwa Gwarzo, ku nufi ƙauyukan Lakwaya da Kutama, ko Durun da Masanawa a Kabo. Na tsaya kusa da wani mai POS ranar kasuwa: ya danna, na'ura ta yi ta juyi, ya bar teburinsa ya hau tudu yana ɗaga ta sama, mai cirar kuɗi na biye da shi yana cewa, "Alhaji, kar dai a zare min sau biyu." Ɗalibi na sauke karatu a WhatsApp, saura ƙiris ya kammala, wayar ta faɗo daga 4G ta koma E, sai ya faro daga farko. Farashinsu ɗaya da na ɗan Zoo Road a birnin Kano, abin da ke isa hannunsu ba ɗaya ba ne.

Wa'adi ma ƙa'ida ce da aka rubuta a na'ura. Datar kwana ɗaya na ƙonewa ko da sabis ya wuni a ɗauke, ko wayar ta wuni a wurin mai caji. Umarnin NCC na 2018, zamanin Farfesa Umar Garba Danbatta, ya ba da kwana 14 na ɗauko ragowar data, amma sai ka sake saye. Akwai kuma batun wadda ake fara zara, bonas ko ta kuɗinka.

Idan aka yi kukan data na saurin ƙarewa, amsar jami'ai ɗaya ce: ku kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye, ku rage ingancin bidiyo. Gaskiya ne, amma mun gaji da jin rabin magana. A 2024 hukumar ta taƙaita kowane kamfani ga tsare-tsaren farashi 7 da ƙunshi 100. Manomin Getso ne zai zauna ya gwada ƙunshi 100? Ya danna *323#, ragowa kawai zai gani. Ya kira layin ƙorafi na NCC, 622, da wace shaida zai yi ƙara?

Sashe na 108 na Dokar Sadarwa ta 2003 ya ce ba a sa farashi sai da amincewar hukumar, kuma ƙa'idar da ke cikin PCRF ita ce farashin da ake biya a aikace. Don haka kamfanoni su miƙa wa NCC ƙa'idojin, a wallafa su da Hausa. A tsawaita wa'adi kai tsaye duk inda sabis ya ɗauke. Tsarin ya san ƙarfen da kowace waya ke kai, ba sai an sayo sabuwar na'ura ba. Mafi muhimmanci, ƙarfen sabis na da nasa lissafin abin da ya isar. NCC ta karɓi wannan lissafin, ta gwada shi da na ƙofa, ta fitar da giɓin ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, daga Gwarzo da Kabo zuwa sauran 42 na jihar Kano.