Allo Shimfiɗe Yake, Duniya Kuwa Tana da Jiki



Za mu fara da laifin kanmu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zangon da ya wuce mun zana kwali a kan allo a aji biyu, muka tambayi yara fuska nawa gare shi. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce uku. Muka ce ba daidai ba, shida ne. Aji ya fashe da dariya, ita kuwa ba ta sake ɗaga hannu ba har mako ya ƙare. Sai daga baya muka tsaya gaban zanen muka ƙirga da kanmu, ashe uku ne a bayyane. Yarinyar ta faɗi abin da idonta ya gani, mu ne muka nemi ta ga abin da allo ba ya iya nunawa.

Shimfiɗaɗɗiyar siffa, irin su da'ira da alwatika da murabba'i, tsawo da faɗi kaɗai gare ta. Siffa mai jiki kuwa, irin ta ƙwallo da gwangwani da kwali, tana da awo na uku, wato kauri. Tana cin wuri, ana riƙe ta, ana juya ta a ga bayanta. Allo da takarda shimfiɗe suke, saboda haka duk abin da muka zana a kansu ya rasa kaurinsa. Mu manya muna cike gurbin da tunani, ɗan shekara shida bai kai nan ba tukuna.

Masana sun daɗe da lura da haka. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya kafa makarantar rainon yara a 1840, ya sa wa ƙananan yara ƙwallo da silinda da kubu na katako a hannu tun kafin su san sunayensu. A 1957 kuma wasu malaman lissafi biyu na ƙasar Holan, Pierre van Hiele da matarsa Dina, suka nuna cewa yaro yana fara gane siffa da kamanninta gaba ɗaya, daga baya ya soma lura da sassanta. Ke nan hannu da ido su ne kan gaba, haddar suna da adadi su biyo baya.

Ga yadda muka sake darasin. Da farko muka ce kowa ya zo da wani abu daga gida: kwalin ashana, gwangwanin madara marar kaifi, lemo, dunƙulen Maggi, mazurari. Muka bar su suna gwadawa: wanne ke gangarawa, wanne ke zama daram, wanne ake iya ɗora wani a kansa? Sannan muka fita waje muka jiƙa yashi, kowa ya danna abinsa a kai. Gindin gwangwani ya bar da'ira, dunƙulen Maggi ya bar murabba'i. A nan yara suka gane da kansu cewa shimfiɗaɗɗiyar siffa sawun mai jiki ce. Bayan haka muka kwance kwalin ashana muka baje shi a kan benci, suka ga fuskokinsa a jere, muka sake naɗe shi. Daga ƙarshe ne muka ƙirga: fuska 6, gefe 12, kusurwa 8, kowane yaro yana taɓa abin da yake ƙirgawa. Yarinyar nan ce ta fara kawo shida, kuma muka gaya wa ajin cewa amsarta ta farko ma gaskiya ce game da zanen.

Kada mu raina taimakon da harshenmu yake yi mana. Turanci kan yi amfani da kalma guda ga faifai da lemo, amma Hausa ta raba su: faifai kewayayye ne, curin fura mulmulalle ne. Yaron da ya ga ana mulmula fura a gidansu ya riga ya san rabin darasin.

Abin ba ƙarami ba ne. Wanda ya wuce aji uku bai rarrabe tabarma da rumbu ba, shi ne zai ruɗe a gaba idan aka zo lissafin faɗin fili da na abin da mazubi ke ci, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da kan lissafi. Alhali tela da magini da mai awon hatsi duk da wannan ilimi suke cin abinci.

Ba za mu fasa neman hukuma ta samar da kayan koyarwa ta kuma rage cunkoson azuzuwa ba, wannan haƙƙin yaranmu ne. Amma wannan darasi ba ya jiran kasafin kuɗi. Roƙonmu ga iyayen da za su karanta wannan jawabi shi ne su daina zubar da kwali da gwangwani, su aiko mana da su. Roƙonmu ga 'yan'uwa malamai kuwa, kafin mu ce wa yaro ya yi kuskure, mu tsaya inda yake tsaye mu duba abin da ya gani.