Jawabi Kan Gwajin Ruwan Rijiya a Taron Ƙungiya, Fatakwal

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, dattawa, 'yan'uwa, musamman ku 'yan garuwa, don maganar nan taku ce fiye da kowa.

Kun san Ogale, nan cikin Eleme. A watan Agusta na 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNEP, ta fitar da rahoton binciken ƙasar Ogoni. Wata 14 suka yi suna aiki, sun ɗebi samfuri fiye da 4,000 na ƙasa da ruwa da iska. A Nisisioken Ogale sun tarar da benzin, wani guba da ke cikin man fetur mai jawo ciwon daji, ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900 a ruwan rijiyar da ake sha. A ƙarƙashin ƙasa kuwa mai ne kwance bisa ruwa, kaurinsa santimita 8. To, mutanen nan da wannan ruwa suke girki, da shi suke shayar da yaransu.

Jama'a, ma'aunin nan fa maikurogiram 10 ne kacal a lita ɗaya. Ido ba ya ganin wannan, harshe ba ya jinsa, alif kuma ba ya fitar da shi. Ruwa ya yi garau ba hujja ba ce.

Ɗiban samfurin ma yana da ƙa'ida. Ba a tsohuwar jarka ake zubawa ba. Ɗakin gwajin ne zai ba da kwalbar gilashi. A bar famfo ya zuba na ɗan lokaci, a cika kwalba har baki kada a bar iska ko kaɗan, domin benzin tashi yake yi. A rubuta wuri da rana, a sa cikin ƙanƙara, a kai da wuri. Sannan ku faɗa musu gwajin mai kuke so. In ba haka ba, sai a duba ƙwayoyin cuta kawai a ba ku takarda cewa lafiya lau.

Shawarata, ƙungiya ta ƙidaya rijiyoyin burtsatsen da yaranmu ke saro ruwa, a fara da na kusa da bututun mai da gidajen mai da garejin tanka. A yi karo-karo, sakamako kuma a karɓe shi a rubuce, a ajiye kwafi wurin sakatare. Mai rijiyar da ya hana a ɗiba, a daina sayen ruwansa.